Direbobin Fijon Malam Hambali

A ƙauyen su Malam Hambali, can tsakanin Kura da Bunkure, an fi son motarsa a kan shi kansa, kuma ya sani. Fijo ce a-kori-kura, fara a zamaninta, yanzu kuwa ba mai iya rantsuwa a kan launinta. Ya saye ta ne lokacin da ruwan Tiga yake sabon zuwa a kanal, ana noman alkama a tsakiyar rani har baƙi na zuwa ɗaukar hoto, lokacin da malamin makaranta kan haɗa albashinsa da abin da gona ta ba shi ya sayi mota ba tare da an fara ƙus-ƙus a kansa ba. Rabin magidantan garin shi ya koya musu karatu. Bai yafe musu ba, su ma ba su manta ba.

Makullin motar ba ya zama a aljihunsa. Yana rataye ne jikin wata ƙusa a zaure, dama da ƙofa, kuma wannan aikin Rekiya ne, matarsa, Allah ya jiƙanta. Motar tana sabuwa, wata rana yana makaranta, naƙuda ta zo wa matar maƙwabcinsu da gardama. Rekiya ta ɗauki makulli ta miƙa wa wani da ya taɓa yin yaron mota, aka kai matar asibitin Kura. Da Malam ya dawo ya tarar da gurbin mota ba mota, sai ya soma huɗuba tun daga zaure har madafa. Ya kawo hukuncin aro, ya kawo na amana, ya kawo tsadar taya. Rekiya na tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Da ya gaji ya yi shiru, ta ce masa ai motar ba ta da wuyar aro, fuskarsa ce mai wuya, mutum ya gwammace ya tura uwarsa a baro da ya tsaya gabansa yana roƙo. Washegari ta samo ƙusa da dutse ta kafa da hannunta, don kada kowa ya ƙara bukatar ganin fuskar.

Haka abin ya zama al'ada ba tare da an zauna an tsara ba. Mara lafiya, mai naƙuda, gawa, amarya da kayanta. Ban da kai tumatir kasuwa, wannan kowa ya sani. Wanda ya iya tuƙi sai ya shigo ya yi sallama, ko an amsa ko ba a amsa ba ya ɗauka. In ya dawo ya rataye, in da hali ya zuba mai, sannan ya leƙa ya yi godiya ya faɗi yadda aka ƙare. Malam bai taɓa cewa ya yarda ba. Bai kuma taɓa cire ƙusar ba, ko da yake ya sha alwashi.

Ranar da motar ke zama tasa ita ce Juma'a da yamma, in zai kai Rekiya Bunkure gaida danginta. Ba ta son titi, ta fi son a bi ta bakin kanal. Takan zauna a gaba da kwanon dambu a cinya, gilashi a sauke, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na albasa yana shigowa, tana yi masa sharhin gonakin mutane: wannan ya cika ruwa, wancan rowar taki za ta kashe shi, ga na wane kuma kamar ba ɗan Musulmi ne ya shuka ba. Balbelu na tashi gabansu farare tas. In ya ɗan taka sai ta buga gaban motar da tafin hannu ta ce, “Malam, a hankali, ba wanda ya biyo mu.” Shi kuwa yana ƙorafin ramuka da gwamnati da lalacin manoma, yana jin daɗin da ko da wuƙa a wuya ba zai amsa yana ji ba.

Tuƙinsa na ƙarshe shi ne ranar da ya kai ta asibiti Kano. Wani ne ya tuƙo su gida, shi a gaba, ita a baya a lulluɓe, kamar sauran da motar ta saba ɗaukowa. Bayan nan yanar ido ta zo ta ba shi dalilin daina tuƙi da zai iya faɗa wa mutane.

Autansu Abuzar yana aiki a Abuja. Da ya zo hutun Sallah ya zagaya gidan da idon baƙo, abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. A tsakar gida ga durom-durom a kan wuta, matan unguwa na turara shinkafa, don tun Rekiya na raye ta ba su filin saboda faɗinsa da kusancin rijiya. Zaure ba ƙyaure. Makulli a bango kamar carbin masallaci. Ya koma Abuja, sai ga waya cewa ya yi wa gidan da motar inshora. Malam ya ce caca ce. Abuzar ya ce wannan ta taimakekeniya ce, irin wadda malamai suka amince da ita. Malam ya ce bai taɓa ganin taimakekeniya mai ofis da na'urar sanyi ba, amma tunda an riga an biya, a turo wanda zai yi masa bayani.

Aka turo Surayya daga ofishinsu na Kano, matashiya mai fara'a wadda ba ta san inda ta zo ba. Malam ya sauke ta a zaure kan tabarma, tsakanin littattafansa, ya sa aka kawo mata ruwa, sannan ya gyara zama irin na ranar jarrabawa.

Ya fara da gara. In ta cinye azarar ɗakin nan, rufi ya rufto, za su biya? Ta ce a'a, wannan lalacewa ce ta sannu a hankali. Ya ce to danshin kanal da ke cin gindin katangar kowa a garin nan fa, har ta yi fari kamar an barbaɗa kanwa? Ta ce shi ma sannu a hankali ne. Ya ce shi a saninsa ba abin da ke kashe mutum ko gida sai sannu a hankali. Ya tambayi ambaliya. Ta ce in ruwan sama ne suna biya, in kuwa wani ne ya buɗe ƙofar kanal ba bisa ƙa'ida ba, wancan za a bi. Malam ya ce to madalla, in ruwan ya shigo zai tsayar da shi a ƙofa ya tambaye shi asalinsa. Gobara suna biya, in ji ta, sai dai in wutar sana'a ce. Tana faɗa hayaƙin durom yana shigowa zauren yana sa ta tari. Sata ma suna biya, muddin an ɓalle ƙofa. Ta waiwaya ta dubi ƙofar, ba ta ga abin ɓallewa ba.

Da aka zo kan mota abin ya ƙara lalacewa. Ya ce akuya ta taɓa cinye rabin kujerar. Ta ce babu akuya a tsarin. Ya ce in gadon amarya ya faɗo a hanya? Ta ce kayan wani ne. Ya ce gawa fa, fasinja ce ko kaya? Surayya ta yi dariya, ta ga ba dariya yake ba, ta ce wannan sai ta tambayi na gaba da ita.

“To, 'yar nan, me kuke biya?”

“Tsawa, Baba. Da gobara ta tsakani da Allah. Da haɗarin mota, in kai ne a sitiyari, ko Yaya Abuzar. Sunanku kaɗai aka sa.”

“Ɗaya makaho, ɗaya a Abuja. Lallai kamfaninku zai daɗe.”

Da za ta tafi ta tsaya ta dubi makullin, ta ce in da zai ji shawararta ya sa shi a aljihu. Bayan ta fita Malam ya daɗe tsaye a wurin. Ga hujjar da ya yi shekara da shekaru yana nema ta zo har gida, da hatimi, ba wanda zai ce rowa ce. Ya ce gobe zai cire. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa.

Ana cikin kakar tumatir maciji ya sari wani mai ban ruwa a gona da hantsi. Ɗanbaba ne ya zo ya ɗauki makulli. Tsohon ɗalibin Malam ne, daga cikin waɗanda suka fi shan bulala, yanzu manomi mai tarin 'ya'ya, wanda ya koyi tuƙi a kan tarakta kuma bai taɓa mallakar lasisi ba. Ya kai mutumin Kura a kan kari, aka ceto shi. A hanyar dawowa ya yanke ta bakin kanal, ya yi kiciɓis da a-daidaita-sahu da ta yi lodin buhunan shinkafa har sama. Ya kauce mata, gefen da ya kauce ruwa ya riga ya cinye ƙarƙashinsa, motar ta sulala cikin kanal a hankali kamar tsohuwa za ta shiga wanka. Ɗanbaba ya fito ta taga. Tarakta ce ta jawo ta da igiyar ƙarfe har ƙofar gida, tana zubar da ruwa ta ko'ina.

Ya shigo zaure jiƙe sharkaf ya durƙusa, ya kasa haɗa magana. Malam, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya tambaye shi mai ban ruwan ya rayu? Ya ce ya rayu. Malam ya ce to ya tashi, yana jiƙa masa tabarma.

Bilya makanike ya zo daga Kura ya buɗe gaban motar, ya daɗe yana tsaki. Ya ce inji ya sha ruwa ya buga, ba gyara sai dai a sayo wani a Kano. Abin da ya ambata ya fi ƙarfin fanshon Malam nesa ba kusa ba, Abuzar kuma gini ya sha kansa. In ba kamfanin inshora ya biya ba, motar ta gama tafiya.

A kwanakin da suka biyo ne Malam ya lura da wani abu da bai yi tsammani ba. Zaure ya yi tsit. Ashe duk sallamar da yake amsawa da tsaki ta makulli ce. A da yakan san wadda ta haihu da wanda ya cika tun kafin mai unguwa ya ji, yakan san amaryar da ta yi kuka da wadda ta yi na ƙarya. Yanzu sai kukan tantabaru da muryoyin mata daga tsakar gida, su kuma ba da shi suke ba. Ya gaya wa kansa ba kewar kowa yake ba, kawai dai ya rasa wanda zai gyara wa magana.

Abuzar ya kira. Ya ce ya sanar da kamfani, za su turo a duba. Sannan ya rage murya kamar wani na jin su.

“Baba, sunanka ne a ciki. Ka ce kai ne kawai.”

“Da wane idon?”

“Ba idonka za su duba ba, mota za su duba. Kuɗinmu ne fa, ba na kowa ba.”

Malam ya ce masa Allah ya shirya, ya kashe wayar. Amma maganar ta zauna. Mai karatu ba ya rasa hanya, kuma ya san malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan zancen da ba ƙarya ba ne amma yakan bar mai sauraro ya ɓata da ƙafarsa. Ya yi kwanaki yana kai littafi dab da hanci, har ya ƙera jimlarsa: motata ce, a hannuna take, alhakinta a wuyana. Ba harafin ƙarya a ciki. Ya maimaita ta har ta yi santsi a baki. Ya san da Rekiya na nan da ta ce mai ilimi ne kaɗai ke buɗe littafi kafin ya yi ƙarya, sauran mutane yi kawai suke su nemi gafara. Amma Rekiya ba ta nan, kuma abin da ta bari ne yake ƙoƙarin tayarwa.

Abin da bai sani ba, tunda ba mai shigowa ya faɗa masa, shi ne jita-jita ta cika gari. Man motar ya yi kwanaki yana yawo a saman ruwa, bakin simintin kanal ya fashe, aka ce hukuma za ta zo ta tafi da wanda ke tuƙi. Badamasi mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar masallaci bayan azahar. Suka yanke abu biyu: sunan Malam ba zai shiga wannan magana ba ko da wasa, don dattijo ne kuma mai motar, shi za a fara nema. Ɗanbaba kuma ba shi da lasisi, ga 'ya'ya, ba za a bar shi shi kaɗai ba.

Surayya aka sake turowa. Ba ta fara da gidan ba, ta tsaya a bakin kanal da rigar aiki mai tambari a kan hijabinta, tana ɗaukar hoton wurin da waya. Kafin ta gama mutane sun baro gonaki sun kewaye ta. Da ta iso zauren Malam sai ga su a bayanta, sun cika ƙofa sun tare haske, ba wanda ya shigo. Shi ba ya ganin fuskoki, sai inuwoyi da farin huluna.

Ta gaishe shi, ta zauna, ta yi ajiyar zuciya.

“Baba, na je kanal. Na samo direbobi.”

“Direbobi?”

“Mai unguwa ya ce shi ne. Wani mai faci ya ce shi ne, har ya nuna mini inda ya buge gwiwa. Ladaninku ma ya ce shi ne.”

“Ladan ko keke bai iya ba.”

“Wani Ɗanbaba ya ce duk ƙarya suke, shi ne. Suka ce in rabu da shi, tun yana yaro haka yake da son a san da shi.” Ta gyara zama. “Abu ɗaya suka haɗu a kai. Kai dai ba ka taɓa sitiyari ba tun rasuwar Mama. Mai unguwa har da rantsuwa. Ya ce rago da akuya ma ba ka bambancewa sai sun yi kuka.”

Daga ƙofa aka yi gyaran murya na gamsuwa. Malam ya ji jini ya hau masa kai. Jakai, ya ce a ransa, jakan da ya ɓata ƙuruciyarsa a kansu. An ba su abu ɗaya su yi, wato shiru, sun kasa.

Surayya ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya. Ta ce ta saba da surutun bakin hanya, ko'ina ta je haka ake yi, kuma ba shi ake rubutawa ba. Abin da mai mota ya faɗa da bakinsa shi za ta kai ofis. Ta ɗaga wayar tana jira.

Jimlar na nan a kan harshensa, a goge. Ya dubi inuwoyin da ke ƙofa. Cikin duk shirmen da suka zuba a bakin kanal, in aka cire ta Ɗanbaba, magana ɗaya ce tak gaskiya, kuma a kanta Badamasi ya rantse. In ya buɗe baki ya faɗi tasa, wannan ɗayar zai mayar ƙarya, a gaban baƙuwa, suna tsaye suna ji.

“Ba ni ba ne,” in ji shi. “Sauran kuwa ki zaɓa. Duk ɗalibaina ne, ba wanda ya iya ƙarya a cikinsu. Laifina ne, ba ta cikin manhaja.”

Ta dubi ƙusar da ke bango. Ga alama yarinyar tana son ta taimaka, abin da Malam bai saba yafe wa mutane ba.

“Baba, an tambaye ka kafin a ɗauka?”

“Ba a tambaye ni ba.”

“Ka taɓa cewa ka yarda a riƙa ɗauka?”

“Ban taɓa ba. Garin nan kaf shaida ne.”

Ta ƙara rage murya ta ce to akwai hanya. A tsarinsu, motar da aka ɗauka ba da izinin mai ita ba sata ce, kuma abin da ya same ta a hannun wanda ya ɗauka suna biya. Ba sai ya faɗi abin da ba haka ba. Abin da ake bukata kawai ya kai rahoto wurin 'yan sanda, da sunan wanda ya ɗauka.

Wannan kam ko littafi ba ta bukata. Gaskiya ce tsirara, irin wadda ya fi so, wadda ya yi shekaru yana faɗa ba mai saurara. Sabon inji, mota a ƙofa, sallama a zaure. A bakin ƙofa, kusa da bango, akwai inuwa ɗaya da ta fi sauran matsowa, kuma bai bukaci ido ba kafin ya san ta Ɗanbaba ce.

“Da izini aka ɗauka,” ya ce.

“Yanzu fa ka ce…”

“Ba nawa ba. Na matar gidan.”

Surayya ta sauke wayar a cinya. “Baba, Mama ai ta rasu.”

“Ba ta janye ba kafin ta tafi.”

Ta ce Allah ya jiƙanta, ya ce amin. Ta ce ya san abin da ofis za su ce, ya ce ya sani tun ranar da ta fara zuwa. Ta sha ruwan da aka kawo mata, ta yi sallama, mutanen ƙofa suka dare mata hanya da ladabin da ake yi wa hukuma.

Motarta na barin gari suka ɗuro zauren, har wasu a tsaye. Rabon da ya cika haka tun zaman makokin Rekiya. Badamasi na ta murna, yana cewa sun rikita ta, ta zo kama mutum ɗaya ta tarar da gari guda, ta koma hannu rabbana. Mai faci yana nuna gwiwar da ya ce ya buge, wadda tun yana yaro take da tabon. Ladan yana ba da labarin yadda ya kwatanta mata juya sitiyari. Malam ya bar su suka gama. Kalmomin na nan a shirye, masu kaifi, yadda zai gaya musu cewa Ɗanbaba sau ɗaya ya jefa motar a ruwa, su kuwa sun taru sun danna kanta har ta daina motsi. Ya buɗe baki, suka yi tsit kamar a aji.

Ya ce Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Sannan ya gaya wa ladan in za a sake, ya fara tambaya a wane gefe sitiyari yake. Aka kwashe da dariya. Ɗanbaba ne kaɗai bai yi ba, don shi ya ji abin da Surayya da Malam suka faɗa da ƙaramar murya.

Abuzar ya yi fushi irin na ɗan da aka yi wa tarbiyya, wato ya ce “to shi ke nan, Baba” sau da yawa, ya yi kwana biyu bai kira ba. Motar ta zauna a ƙofar gida har tayoyinta suka sace. Daga baya Bilya ya kawo masu sayen kayan gyara daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, suka zagaya ta suna ƙwanƙwasa jikinta, suka ce giya da bodin za su yi amfani. Ranar da aka zo ɗaukarta mata suka bar durom a kan wuta suka fito kallo, wata da ta haihu a bayanta a kan hanyar Kura ta yi ta share hawaye da gefen mayafi. Malam bai fito ba. Ya ce yana da karatu.

Gari bai tsaya ba. Mai naƙuda a kira a-daidaita-sahu, amarya a yi hayar bas, gawa a ɗauka a kafaɗa kamar yadda ake yi kafin a haifi Fijo. Zaure ya koma shirunsa. Malam ya yi hasashen haka, kuma kamar kullum, zama mai gaskiya bai ƙare shi da komai ba.

Ranar Juma'a da hantsi ya ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofa, aka yi sallama. Ɗanbaba ne, da wankakkiyar riga. Bai yi zancen mota ba, bai yi godiya ba, ya ce dai ya ga za shi masallaci Kura, ga bayan babur ba kowa. Malam ya ce shi bai kai lalacewar da zai hau bayan mutumin da ya kasa bambance hanya da ruwa ba. Ɗanbaba ya ce haka ne, Malam, ya ci gaba da tsayuwa, injin na aiki. Mai na ƙonewa a banza, abin da Malam ba ya iya jurewa ko na wani ne. Ya shiga ya sako babbar riga, ya ɗauko darduma.

Ya hau da ƙyar, ya tattare rigar, ya kai hannu baya ya riƙe ƙarfen kujera, ya bar tazara tsakaninsu yadda wani zai iya zama. Suka hau titi. Iska ta cika masa riga, gonakin shinkafa na wucewa kore-kore ba tare da ya iya cewa wacce ta wane ce ba. Yana cikin bayanin yadda aka cuci titin nan tun daga kwangila sai babur ya faɗa wani rami, ƙarfen ya kuɓuce masa, ya cafki kafaɗar Ɗanbaba da hannu biyu.

“Sannu, Malam.”

“Dubi gabanka.”

Ramukan suna da yawa har Kura, don haka bai saki ba.